Asibitin Karnukan Teku da Zancen Ayun Kwara

A ƙasashen da ke bakin teku mai sanyi akwai waɗansu ƙananan gidaje da a ke kira asibiti, amma ba mutum a ke kwantarwa a cikinsu ba, ba kuma doki ko saniya ba. Dabbobin teku a ke jiyya a wurin, waɗanda igiyar ruwa ta jefo gaɓa da rauni ko da yunwa. Mutane su kan tafi ziyara da 'ya'yansu, malaman makaranta kuma su kan kai yara aji guda su ga yadda a ke aikin. Na san wani mai karatu a nan Sakkwato zai ce, mu da ke da fiye da mil 400 tsakaninmu da teku, ina ruwanmu da wannan? To, a yi mini haƙuri a bi ni a hankali. Mu ma muna da wata babbar dabbar ruwa da ke neman ƙarewa a hannunmu, kuma abin da waɗancan mutane suka koya a kan tasu ya shafi tamu ƙwarai.

Dabbobin da a ke jiyya iri biyu ne. Na farko Turawan Ingila su na ce masa sil. Mutanen Holanda kuwa sunan da suka ba shi ma'anarsa karen teku, shi zan riƙe a nan, gama fuskarsa da gashin bakinsa sun yi kama da na kare. Kada a haɗa shi da karen ruwa na kogunanmu, wannan dabam ya ke. Karen teku ba shi da ƙafafu irin na dabbar tudu, sai waɗansu abubuwa huɗu masu faɗi kamar filafilin jirgin ruwa. Kunnensa ɗan rami ne kawai a gefen kai, in kuma ya hau tudu jan ciki ya ke yi. Na biyu shi ne zakin teku. Shi yana da 'yan kunnuwa da a ke gani, yana iya juyo da filafilansa na baya ya taka ƙasa da su, ga shi da kuka mai ƙarfi kamar haushi. Dukansu biyu ba kifi ba ne. Da huhu su ke numfashi, a waje da ruwa su ke haihuwa, kuma su na shayar da 'ya'yansu nono.

Wajen haihuwar nan ne wahalarsu ta ke. Ɗauki misalin karen teku mai ruwan toka da ke gaɓar Ingila. Uwa ta kan haifi ɗa guda da kaka, nauyinsa wajen kilo 14, jikinsa rufe da farin gashi wanda bai dace da iyo ba. Nononta rabinsa ko fiye duk mai ne, don haka jaririn ya kan ƙara wajen kilo 2 kowace rana. Amma mako 3 kaɗai ta ke shayar da shi, sa'an nan ta koma teku ta bar shi ya nemi na kansa. Idan hadari ya taso cikin waɗannan makonni, igiyar ruwa ta raba shi da uwar, ko kuwa mutane da karnukansu suka firgita ta ta gudu, to, ba shi da sauran dabara. Irin waɗannan marayu su ne suka fi cika asibitocin.

Yadda gidajen suka fara

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin tarihinsu shi ne ƙanƙantar mafarinsu. A shekarar 1958 wani mutum mai suna Ken Jones, a garin St Agnes da ke kudu maso yammacin Ingila, ya tsinci jaririn karen teku a gaɓa. Ya mai da shi ruwa, ya komo. Sai ya ɗauke shi gida ya yi ta jiyya. Labari ya bazu, kowa ya tsinci wani sai ya kawo masa, har wurin ya yi masa kaɗan. A 1975 ya ƙaura zuwa ƙauyen Gweek a bakin kogin Helford, inda gidan ya ke har yau, yana karɓar jarirai fiye da 50 a shekara.

A Holanda kuwa mace ce ta fara, Lenie 't Hart, a ƙauyen Pieterburen cikin 1971, da baho guda a bayan gidanta. Sa'ad da annoba ta faɗa wa karnukan teku na Turai a 1988, wata cuta ce 'yar'uwar wadda ke kama karnukan gida, ta kashe fiye da 18,000, sunan wannan ƙauye ya zaga duniya saboda yawan marasa lafiyar da aka kai can. Gidan ya zauna a Pieterburen shekara fiye da 50, sai a 2025 aka mai da shi sabon gini a Lauwersoog.

Na uku zai fi daɗi ga malamai 'yan'uwana. A garin Laguna Beach na Kalifoniya, cikin Amurka, mutum uku suka haɗa kai a 1971 don taimakon zakunan teku: Jim Stauffer mai aikin tsamo waɗanda ruwa ya ci, da likitar dabbobi Rose Ekeberg, da John Cunningham wanda malamin makarantar sakandare ne. Ba su jira Gwamnati ta yi musu gini ba. Dokar Amurka ta tsare dabbobin teku masu shayarwa ma sai a 1972 ta fito, watau aikinsu ya riga dokar.

Abin da mai ziyara zai gani

Wanda ya tafi da zaton zai ga wasa irin na gidan kallo, dabba na ɗaga ƙwallo da hanci, zai komo da ƙaramin baƙin ciki. Ƙarnin kifi shi ke fara tarye shi tun daga ƙofa. Yawancin abin da zai gani mutane ne sanye da takalman roba da rigunan leda, su na wanke daɓe, su na yanka kifi, su na rubutu a allo. Da yawansu ba albashi a ke ba su ba, aikin sa kai su ke yi bayan sun tashi daga nasu. Kuɗin kifi da na magani ya kan fito daga abin da maziyarta su ke biya a ƙofa ko su ke jefawa cikin akwatin taimako.

In an kawo dabba, abu na farko shi ne awo. A ɗora ta a sikeli, a duba zafin jikinta, likita ya saurari huhunta, ya ɗebi jini. Sa'an nan a keɓe ta a ɗan ɗaki ita kaɗai, don kada ta shafa wa sauran abin da ta zo da shi. Cututtukan da aka fi gani su ne tsutsar huhu, da ƙishirwa mai tsanani, da yankan zaren kamun kifi a wuya, da cizon karnuka. Zancen ƙishirwa zai ba mai karatu mamaki, yaya dabbar teku za ta yi ƙishirwa? Dalili shi ne daga abincinta ta ke samun yawancin ruwan jikinta, don haka wadda ta kwana biyu ba ta ci ba ta bushe ke nan.

Jaririn da aka raba da uwa bai san kifi abinci ne ba. Kuma ba a ba shi nonon saniya, gama cikinsa ba ya iya narkar da shi, zawo zai kashe shi. Sai a niƙa kifi ya yi kamar kunu, a gauraya da ruwan gishiri da sukari irin wanda mu ke ba yaro mai gudawa, mutum ɗaya ya durƙusa ya danne shi da tawul, wani ya zura masa siririn tiyo ta baki har ciki ya ɗura. Haka za a yi ta yi kowace sa'a 4 ko makamancin haka. In ya ɗan yi ƙarfi sai a riƙa tura masa kifi sukutum a maƙogwaro, har ya koyi haɗiya da kansa. Daga nan a riƙa jefa masa a ruwa. Daga bisani a kai shi babban kwalbati tare da tsararrakinsa, a watsa kifi, kowa ya yi ta kansa. Wanda ya iya ƙwace rabonsa a cikin wannan wawaso, nauyinsa kuma ya kai kilo 30 zuwa 40, ya ci jarrabawa. Sai a maƙala masa lamba a filafilin baya, a sa shi a akwati, a kai shi gaɓa a buɗe.

Akwai wata ƙa'ida da ta kan yi wa yara maziyarta nauyi. Ba a shafa dabbobin, ba a kuma yi musu wasa. A asibitocin Kalifoniya ma'aikata su kan riƙe wani faffaɗan katako a gabansu in sun shiga wurin zakunan teku, ya tsare su daga cizo, ya kuma hana dabbar sabawa da mutum. Hikimar a fili ta ke. Dabbar da ta saba ganin abinci a hannun ɗan Adam, ran da aka sake ta wurin jiragen masunta za ta nufa, can kuwa ajalinta ya ke. Cizonsu ma ba abin wasa ba ne, ya kan sa yatsa ya kumbura ya ƙi jin maganin da aka saba. A 2024 har an tabbatar da ciwon haukan kare a jikin waɗanda ke gaɓar Afirka ta Kudu.

Asibitocin nan sun zama kamar ma'aunin lafiyar teku. A 1998 aka riƙa kawo zakunan teku daga wajen Monterey su na farfaɗiya, likitoci suka bincika, suka tarar dafi ne daga wani ƙanƙanen tsiron ruwa, ƙananan kifi su ci, zakunan su ci kifin. Mutane ma su na cin irin kifin nan da ƙaguwa, don haka gargaɗin ya amfani kowa. A farkon 2015 kuma, da ruwan tekun ya ɗumama kifi ya yi nisa, jarirai fiye da 3,000 suka zube a gaɓar Kalifoniya a rame. Da ba a rubuta kowace dabba da ranarta da wurinta da nauyinta ba, da ba wanda zai gane cewa shekarar ta bambanta da sauran. Akawu ya lura da wannan. Littafin rajista shi ne rabin asibitin.

Wani abin kuma da suka koya da daɗewa, ba kowane jariri da aka gani shi kaɗai ne maraya ba. Sau da yawa uwar ta tafi kiwo ne, za ta komo, mai tausayi da garaje shi ke mai da ɗan maraya. Saboda haka a 2020 Holanda ta yi yarjejeniya cewa a riƙa sa ido a kan jariri sa'a 24 tukuna kafin a ɗauke shi, sai dai in rauninsa a bayyane ya ke.

A nahiyarmu ta Afirka

Ba Turawa kaɗai ke da waɗannan dabbobi ba. A gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu akwai wani iri mai kunne, ɗan'uwan zakin teku, su na taruwa dubu bisa dubu a wurare irin su Cape Cross. A Walvis Bay wani mutum mai suna Naude Dreyer da abokansa sun kafa ƙungiya a 2020, kuma su ba su da ɗakin kwantarwa. Da safe su kan fita gaɓa da madubin hangen nesa, in sun hango wadda zaren roba ko tsohuwar koma ta shaƙe, su sheƙa a guje su rufe ta da raga, su datse zaren da almakashi, su sake ta nan take. Sun ceci dubbai ta haka.

Mafi kusa da mu kuwa su ne na gaɓar Ras Nuwadibu, a iyakar arewa ta Muritaniya. Irin da ke can yana cikin mafi ƙaranci a duniya, dukansu ba su kai 1,000 ba, kuma taro mafi girma a cikin kogunan dutse na wannan gaɓa ya ke. A 1997, cikin wata biyu kacal, kashi biyu cikin uku suka mutu, daga wajen 300 aka bar wajen 100. Masana sun yi gardama, waɗansu suka ce dafin tsiron ruwa ne, waɗansu suka ce ƙwayar cuta. An yi jiyyar marayun a garin Nuwadibu da taimakon mutanen Pieterburen. Amma abin da ya tashe su daga baya shi ne shirin da aka yi da masuntan wurin a 2001, cewa ba za a shimfiɗa koma a bakin kogunan ba, aka kuma sa masu gadi. Yanzu sun sake haura 300.

Ayu

To, mu komo gida. Ba mu da karen teku, amma muna da ayu. Tsofaffin Yawuri da Sarkawan Kabi sun san shi sarai. Yaran birni kuwa sunansa kaɗai su ke ji a bakin masu sayar da magani, inda a ke tallar man ayu cikin 'yan kwalabe tare da sauran kayan mata. Allah kaɗai Ya san kwalba nawa ce ta gaskiya a cikinsu, amma ko ta jabu ce, ita ke riƙe da sunan a kasuwa, sunan kuma shi ke sa a farauci na gaske.

Ayu ba dangin karen teku ba ne, ko da ya ke shi ma da huhu ya ke numfashi, yana kuma shayarwa. Masana sun ce cikin dabbobin tudu giwa na daga mafi kusa da shi. Babbansa ya kan kai tsawon ƙafa 10 ko fiye, nauyinsa ya haura kilo 300. Yana da hannuwa biyu masu faɗi da wutsiya kamar faifai. Nonon macen a ƙarƙashin hammata ya ke, abin da a ke jin shi ya haifar da labarun matan ruwa a ƙasashe da yawa. Ciyawar ruwa ita ce yawancin abincinsa, irin su burgu, kuma saboda yashi na cinye masa haƙora, Allah Ya yi masa wani tanadi: sababbin turame su na tsirowa daga baya su na matsowa gaba muddin ransa, na gaba in sun lalace su faɗi. Malamin da ke koyar da halittu ba zai rasa abin faɗa wa yara a nan ba.

Irin namu na Afirka ana samunsa a ƙasashe 21, tun daga kogin Senegal har Angola, ya kuma bi koguna ya shigo Mali da Nijar da Cadi. A Nijeriya yana cikin Kwara da Binuwai da rassansu, da tafkin Kainji, da tafkin Pandam na Jihar Filato. Ba ya cizo, ba ya kifar da jirgi kamar dorina. Laifinsa a wurin mutanen bakin ruwa shi ne ya kan shiga gonar shinkafa in ruwa ya cika, wani lokaci kuma ya tsotse kifin da koma ta kama, ya yaga koman.

Ga inda lissafin ya ke da ban tsoro. Macen ayu ta kan yi wajen shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, ta shayar da shi kusan shekara 2. Watau haihuwa guda cikin shekara 3 ko fiye. Akuya a cikin wannan lokaci ta cika garke. Don haka kowace macen da aka kashe, an yi wa kogin giɓin da zai daɗe bai cike ba.

Dā can mafarautan ayu ƙalilan ne, gadon gida ne, da zago a ke yi, kuma da sharuɗɗa da al'adu masu wuya. Yanzu koman roba ta zo, mai arha, mai ƙarfi, ba ta ruɓewa. Ayu ya kan taso shaƙar iska bayan 'yan mintoci, in ya daure ƙwarai ya kai minti 20. In koma ta naɗe shi a ƙasa, nutsewa ya ke yi kamar mutum. Sa'an nan ga madatsun ruwa. An gama Kainji a 1968, ta raba ayun sama da na ƙasa. A kan kogunanmu na Sakkwato da Rima, waɗanda ke haɗuwa a nan bakin birni su gangara ta Argungu da Birnin Kebbi su faɗa Kwara, an yi Bakolori a 1978 da Goronyo a 1984. Ba mai musun amfaninsu, amma sun sauya yadda ruwa ke malala a fadama da yadda ya ke janyewa. Ayu dabba ne mai bin cikar ruwa. Da damina ya kan shiga rassa da fadamu neman ciyawa, in ruwa ya janye da sauri sai ya tarar an rufe masa hanya, ya rage cikin ɗan tafki da ke ƙafewa kullum. A nan ne halinsa ya yi daidai da na jaririn karen teku a gaɓa: dabba lafiyayya, a wurin da ba za ta iya fita da kanta ba.

Doka kam akwai. Dokar Nijeriya ta 1985 a kan dabbobin da ke neman ƙarewa ta sa ayu cikin jerin farko, waɗanda aka hana kamawa da fatauci, a 2016 kuma aka yi mata gyara aka ƙara tara. A 2013, a taron ƙasashe da aka yi a Bankok, an hana cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa. Amma takarda a Abuja ba ta ɗaga dabba mai kilo 300 daga laka.

Maƙwabtanmu sun gwada ɗagawar. A Senegal, kusa da garin Matam, akwai wani reshen kogi mai suna Navel inda aka yi ƙaramar madatsa, ayu suka riƙa maƙalewa in ruwa ya ja. A farkon 2009 ma'aikatan gandun daji da masunta da masana suka haɗu, suka kewaye su da taru, suka ɗora su a mota suka mai da su babban kogi, aka kuma ɗaura wa waɗansu na'ura don a bi sawunsu. A Gabon, cikin 2010, an tsinci jaririn ayu maraya a gaɓar Mayumba, aka sa masa suna Victor, aka yi masa shinge a cikin tafki aka shayar da shi da kwalba, shekaru aka yi ana wannan reno. Masaniyar ayu Lucy Keith-Diagne, wadda ke zaune a Senegal, tana cikin ayyukan nan biyu. A Kamaru kuma Aristide Takoukam Kamla ya shirya masuntan tafkin Ossa da na gaɓar teku su riƙa aika labarin duk ayun da suka gani ta wayar hannu.

Abin da ya dace da mu

Wani zai ce, a ƙasar da mace mai naƙuda ke rasa gado a asibiti, zancen asibitin dabba ai rashin ta ido ne. Na yarda da rabin maganarsa. Ban ga dalilin da za a gina kwalbatoci da ɗakin tiyata don ayu a Sakkwato ko Yelwa ba, gama ba kullum a ke tsintarsa ba, ginin zai zauna fanko ya zama wurin kwanan awaki. Irin aikin Namibiya da na Navel ya fi kama da halinmu, wato a je inda dabbar ta ke, a kwance ta, a mai da ita ruwa mai zurfi a ranar. Kayan aikin ba su wuce taru, da tamfol mai ƙarfi, da tsohuwar katifa, da buhunan da aka jiƙa, da mota mai buɗaɗɗen baya, da ƙarti kamar 15 ba. Ba a jan ayu ta hannuwa, ba a ɗaure shi da igiya a ja a ƙasa. A mirgina shi bisa tamfol, a rufe shi daga rana, a riƙa zuba masa ruwa ban da hanci, kowa kuma ya yi nesa da wutsiyar, don bugunta na iya karya ƙafa. In jariri ne, a dakata a duba ko uwar na kusa, kada kuma a ba shi nonon saniya. Likitoci ba su yi mana nisa ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da sashen koyar da likitancin dabbobi da asibitinsa a nan birni, a New Bussa kuma akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, a bakin tafkin Kainji.

Sauran rabin maganar ban yarda da shi ba. Mun karanta tun muna yara cewa an gafarta wa wani saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma ba a ce sai da ya gama shayar da mutanen duniya ba.

Wurin da na ke ganin aikin zai tsaya ko ya faɗi shi ne wurin masunci. Mutumin da ya wayi gari ya ga ayu a komarsa ya ga nama da mai da za su ba shi kuɗin da ba ya samu a wata da watanni, ga kuma komarsa a yage. In aka zo masa da wa'azi da barazanar ɗan sanda kaɗai, zai gyaɗa kai, gobe kuwa ya yanka da dare ba wanda ya ji. Lalle ne a biya shi koman, a kuma yi masa abin da zai ɗaga kansa a gari, ko da takardar yabo ce daga fada. Kuɗin koma goma a shekara ba zai karya baitulmalin kowace ƙaramar hukuma ba.

Ba kuma baƙon abu za a kawo ba. Mutanen Argungu sun daɗe da sanin hana su a Matan Fada har lokacinsa ya yi, da izinin Sarkin Ruwa, kuma bikin da aka fara yi a wannan siffa a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, a kan wannan hani ya ke tsaye. Zamanin En'e, lokacin da Sakkwato da Gwandu da Argungu da Yawuri ke lardi guda, labarin ƙauye ya kan bi ta hannun dagaci zuwa hakimi zuwa ofis cikin kwana kaɗan, an rubuta shi a littafi. Yau ga waya a aljihun kowa, amma wanda ya ga ayu a laka bai san lambar da zai kira ba. Wannan giɓi malamin makarantar ƙauye da akawun ƙaramar hukuma su na iya cike shi ba tare da jiran kasafi ba. Malami ya tambayi yaran masunta a aji, a ina ubanninku ke ganin ayu, wane wata, da ɗa ko babu? Ya rubuta ranar da sunan wurin, ko a raye aka gan shi ko a mace, da tsawonsa bisa kimantawa. Akawu ya buɗe littafi guda ya riƙa tarawa, ya ajiye lambar Sarkin Ruwa da ta malamin dabbobi da ta mai mota a shafin farko. Makarantun horon malamai su sa wannan cikin aikin da a ke ba ɗalibai in za su fita gwajin koyarwa a garuruwan bakin kogi.

Game da lokacin sa ido, a tuna Kwara a wajen Yawuri cika biyu ta ke yi a shekara. Akwai farin ruwa na daminarmu, wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga duwatsun Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ya iso nan da hunturu. A rassa da fadamun Rima da Sakkwato hatsarin maƙalewa na farawa ne da janyewar ruwan damina, wajen Nuwamba. A bakin Kwara kuwa sai baƙin ruwa ya ja baya, daga Maris har faɗuwar ruwan farko.